Inci Talatin da Takwas

Na hau benen Taminus da atamfa a hammata,
sanyin safe yana cizon kunne, rigar sanyi biyu a jikina.
Jos gari ne mai rufa asiri:
rabin shekara ba wanda ya san inda ƙugunki ya tsaya.
Amma bikin Hajo a Abuja za a yi,
kuma ranar can ba ta da kunya.

Kangyang ta ɗago daga kan keke, allura a bakinta.
"Tuɓe, Ladidi. Tela ba ya awon bargo."
Tef ya zagaye ni a hankali
ya tsaya a talatin da takwas.
Na ce ta sake.
Ta sake. Bai janye maganarsa ba.

Da ina da ƙugu, akwai shaida:
hoton gama sakandare a Naraguta,
shuɗin siket, farar riga, na yi zanzaro,
jigidar kakata ta zagaye ni har ta bar saura.
Sai tagwaye suka zo suka kama haya,
suka ture bango don ɗakin ya ishe su,
likita ya buɗe musu ƙofa da wuƙa,
suka fita ba su yi gyara ba.

Na zaro abin da na sayo a Katako,
ɗamarar gwanjo mai maɗauri goma sha biyu, da ƙarafa a ciki.
Daren jiya na gwada ta.
Na zama kalangu, sai dai ba amo,
ruku'u ya gagara, tuwo ya tsaya a maƙoshi.
Kangyang ta ɗaga ta da yatsa biyu kamar mushen ɓera.
"Kai wa masu ɗaure buhun dankali a Farin Gada."

Ta ɗauki alli.
"Ido yaro ne," in ji ta, "inda aka nuna masa, can yake bi.
Ba za mu rage ki ba.
Za mu ƙara wa kafaɗa ɗan faɗi,
mu saki siket ya buɗe daga nan kamar lema,
tsakiya sai ta tsinci kanta ƙarama tsakanin manya biyu.
Baƙin yadi gefe da gefe, shi zai shanye inci biyu.
Mahaɗin kuma mu ɗaga shi sama da cibiya,
nan, ƙasan haƙarƙari,
inda 'yan hayar ba su kai ba."
Ta danna wurin da yatsa, na yi tsalle don cakulkuli.
Ashe da sauran fili da ba a gina ba.

Ranar Alhamis na koma gwaji.
An ɗauke wuta, ta jawo madubi bakin taga.
Ga wata mata a ciki,
ba yarinyar Naraguta ba, ba kuma buhun da na raka nan ba,
mai lanƙwasa a tsaka irin ta turmi,
abin da ya sha daka bai tsage ba.
Na ja numfashi har ƙasa, zif bai yi ƙorafi ba.
Na zauna, na tashi,
na sunkuya kamar zan ɗauki yaro,
na juya baya na leƙa ta kafaɗa
har mai sayar da maɓalli a ƙasa ya ga haƙorana.

"Yanzu nawa ne?" na tambaya.
"Talatin da takwas," ta ce, tana tsinke zare da haƙori.
"Kuɗina ma ba su ragu ba."

Jibi zan hau mota ta Akwanga,
rigar a ninke a cinya, kada jaka ta murƙushe ta.
A wurin bikin zan ci shinkafa har da ƙari.
Ɗamarar Katako kuwa ta sami aiki:
yaran sun ɗaure ta tsakanin ƙafafun kujera,
ta zama raga,
tun la'asar suke zura mata ƙwallon safa.